Daga Zanen Casta Zuwa Talabijin: Yadda Aka Ƙera Fuskar Latino

A ƙidayar jama'a da Amurka ta yi a shekarar 2020, mutum miliyan 62 da ɗoriya ne suka ce su Latino ne, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar na ƙasar. Sunan yana nufin wanda shi ko iyayensa ko kakanninsa suka fito daga Latin Amurka: Meziko, Kuba, Puerto Rico, Kolombiya, Peru, Jamhuriyar Dominika da sauransu. A cikinsu akwai farare tas, jikokin Sifaniyawa da Italiyawa da Jamusawa. Akwai baƙaƙe wuluk, jikokin 'yan Afirka. Akwai 'yan asalin nahiyar waɗanda har yau suke magana da harsunan kakanninsu. Har da zuriyar Japanawa da Sinawa da Larabawan Sham. Duk da wannan bambanci, in aka kunna talabijin ko aka dubi allon talla, fuska kusan guda ake gani: fata mai haske wadda ba ta kai ta Bature ba, baƙin gashi mai santsi, hanci madaidaici. Wannan fuska ba daga sama ta faɗo ba. Tana da tarihi na kusan shekara ɗari uku, kuma masu zane da masu mulki da 'yan kasuwa duk sun sa hannu wajen ƙera ta.

Tsarkin jini

Tushen al'amarin yana Sifaniya, tun kafin jiragen ruwanta su isa nahiyar Amurka. A shekarar 1449 birnin Toledo ya kafa doka da ta hana Yahudawan da suka shiga Kiristanci, su da zuriyarsu, riƙe wasu muƙamai. Daga baya irin wannan doka ta bazu zuwa majami'u da makarantu da ƙungiyoyin sana'a, ta kuma haɗa da zuriyar Musulmin Andalus. Ana kiran tsarin limpieza de sangre, wato tsarkin jini. Mai neman muƙami sai ya kawo shaidu su rantse cewa babu Bayahude ko Musulmi a salsalarsa. Abin lura a nan shi ne an ɗauki addini tamkar wani abu da ke gudana a cikin jini, wanda baftisma ba ta wanke shi.

Da Basifaniye Hernán Cortés ya ci Tenochtitlan, birnin Aztek a Meziko, a 1521, aka kafa mulkin mallaka mai suna Sabuwar Sifaniya, wannan tunani ya tsallaka teku, ya tarar da sabon yanayi. Mazan Sifaniyawa sun zo da yawa, matansu kaɗan. 'Yan asalin ƙasa sun mutu da miliyoyinsu saboda cututtuka irin su agana da aikin tilas. Aka shiga kawo bayi daga Afirka domin gonakin rake da ma'adinan azurfa da aikin gida; masana tarihi suna ƙiyasta cewa kimanin dubu 200 ne aka sauke a Meziko kaɗai. Cikin ƙarni ɗaya, kasuwannin birnin Meziko sun cika da mutanen da ba su shiga ko ɗaya daga cikin rukunai ukun na farko ba. Su ne 'yan ruwa biyu, kuma hukuma ta kira su castas.

Wannan rabe-rabe ba na baki ba ne kawai, yana da nauyi a aljihu da gaban alƙali. Ɗan asalin ƙasa yana biyan harajin kai ga Sarkin Sifaniya, haka ma baƙar fata mai 'yanci da wanda ke da jinin Afirka, amma ɗan da Basifaniye ya haifa da 'yar ƙasa an ɗauke masa. Akwai dokokin da suka taƙaita wa castas riƙe makami, shiga jami'a da zama limamin coci. Akwai ma wadda ta hana mata baƙaƙe sa siliki da zinariya da lu'ulu'u. Majami'u da yawa suna ajiye littattafan rajista daban-daban na haihuwa da aure: na Sifaniyawa, na 'yan ƙasa, na castas. Littafin da aka rubuta sunan jariri a ciki yana iya bin sa har kabari.

Tsanin da aka zana

A farkon ƙarni na 18 masu zane a birnin Meziko suka fara wani nau'in aiki da ba a taɓa yin irinsa ba, wanda yanzu ake kira zanen casta. Yawanci jeri ne na zane 16, wani lokaci kowanne a ƙyallensa, wani lokaci duka a kan babban ƙyalle ɗaya da aka raba gida-gida. A kowane gida akwai uba da uwa da ɗa ko 'ya, da rubutu da ke faɗin rukunin kowannensu. Juan Rodríguez Juárez yana cikin na farkon da suka yi shi, wajen 1715. Fiye da jeri 100 aka gano ya zuwa yanzu, cikakku da gutsattsari.

Jerin yana tafiya ne kamar tsani, daga sama zuwa ƙasa. A mataki na farko Basifaniye da 'yar ƙasa suna haifar mestizo. Mestizo da Basifaniye suna haifar castizo. Castizo da Basifaniye kuwa, ɗansu ya koma Basifaniye cikakke. Wato jinin 'yan ƙasa yana narkewa a tsatso na uku. Amma da aka zo ɓangaren Afirka sai lissafin ya sauya. Basifaniye da baƙar mace suna haifar mulato, daga nan morisco, daga nan albino, wanda aka zana shi fari fat. Sai a mataki na gaba, albino da Basifaniye su haifi yaro baƙi, a sa masa suna torna atrás, wato koma-baya. Saƙon a fili yake: ana iya wanke jinin ɗan ƙasa, amma na Afirka ko ya ɓuya zai sake ɓullowa. A ƙasan tsanin, inda sauran rukunan suka cakuɗa ba tare da Basifaniye ba, sunayen har na dabbobi ne, irin su lobo da coyote, kerkeci da dila. Gidan ƙarshe galibi na 'yan ƙasar da ba su karɓi Kiristanci ba ne, riƙe da kwari da baka, a wajen gari.

Jerin da Miguel Cabrera ya zana a 1763 shi ne ya fi shahara. A zanensa na farko, Basifaniyen ya juya mana baya, sanye da hula da kwat irin na Turai. Matarsa 'yar ƙasa tana fuskantarsa, cikin tufafi masu kyau, a gaban rumfar da aka jera ninkakkun yadudduka na saƙa. 'Yarsu tana tsakaninsu. Komai tsaf, komai cikin natsuwa. Amma mai kallo yana gangarowa ƙasan jerin, sai tufafi su fara yagewa, siliki ya koma tsumma, ɗaki ya koma bakin titi, mutane su koma masu talla da masu ƙananan sana'o'i. A jerin Andrés de Islas na 1774, zanen Basifaniye da baƙar mace a madafa aka yi shi: matar ta cakumi gashin mijin, ta ɗaga wani abin girki za ta kwaɗa masa, 'yarsu ƙarama tana jan zanenta. Ba a rubuta ko kalma ɗaya game da halin kowa ba. Hoton ne ya faɗa, kuma gani ya kori ji.

Su wa suka sayi waɗannan zanuka? Da yawansu manyan jami'an mulki ne da shugabannin coci, waɗanda suke komawa Sifaniya da su a matsayin tsaraba. Shi ya sa ake jera 'ya'yan itatuwa da tsuntsayen ƙasar a gefe, har da sunayensu, kamar dai mutanen ma wani ɓangare ne na albarkatun ƙasa. Gwamnan Peru, Manuel de Amat, ya aika da jeri mai zane 20 zuwa Madrid a 1770 domin ɗakin ajiyar abubuwan halitta na gidan sarauta. Har yau akwai jeri da dama a gidan tarihi na Museo de América a Madrid.

Sai dai masana da suka bi littattafan majami'u da takardun kotu sun gano cewa rayuwa ba ta bi wannan tsani sawu da ƙafa ba. Yawancin sunayen ban mamaki na ƙasan jerin ba sa fitowa a rajista. Mutum ɗaya kan fito a matsayin mulato ranar haihuwarsa, mestizo ranar aurensa, Basifaniye ranar mutuwarsa, gwargwadon dukiyarsa da sana'arsa da abin da maƙwabta suka yarda su faɗa. A 1795 fadar Sifaniya ta fitar da jerin kuɗin wasu alfarmomi, gracias al sacar, cikinsu har da takardar da ke cire wa mai jinin Afirka wasu takunkumai, ko da yake kaɗan ne suka samu. Saboda haka zanen casta ya fi nuna yadda masu mulki suke son al'umma ta kasance, a lokacin da iyakokin suke ta rushewa a gabansu.

Bayan 'yanci: farantawa da narkarwa

Yaƙin neman 'yancin Meziko ya rushe tsarin a takarda. José María Morelos, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin, ya yi kira a 1813 da a soke bauta da bambancin casta. Bayan samun 'yanci a 1821, majalisar ƙasar ta hana rubuta rukunin mutum a takardun hukuma a 1822, sannan Shugaba Vicente Guerrero, wanda masana tarihi da dama suke cewa yana da jinin Afirka da na 'yan ƙasa, ya haramta bauta a 1829. Daga nan zanen casta ya mutu. Tunanin da ke ƙarƙashinsa bai mutu ba, sai ya sake riga.

A ƙarshen ƙarni na 19 shugabannin Latin Amurka da yawa sun karɓi ra'ayin Turai na cewa ci gaban ƙasa yana tafiya da farin fatar mutanenta. Ajantina da Brazil da Kuba suka buɗe ƙofa ga miliyoyin baƙi daga Turai. Zanen da ya fi bayyana wannan buri a Brazil aka yi shi, ƙasar da ta karɓi bayi sama da miliyan 4 daga Afirka, fiye da ninki goma na waɗanda aka sauke a Amurka ta Arewa kai tsaye. Cikin waɗanda aka kai jihar Bahia a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, waɗanda suka shirya bore a 1807 da 1809 da 1814, wasunsu kuma suka shiga boren Musulmi na 1835, inda hukuma ta tarar da layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Brazil ba ta soke bauta ba sai 1888.

Shekara bakwai bayan haka, a 1895, Modesto Brocos ya zana hoton da ya sa wa suna Fansar Ham, yana nuni ga tsohuwar fassarar da masu cinikin bayi suka yi wa labarin ɗan Annabi Nuhu domin halatta sana'arsu. A ƙofar wani gidan talakawa, kaka baƙa tana tsaye ba takalmi a kan turɓaya, ta ɗaga hannuwa sama tana godiya. 'Yarta, mai hasken fata, tana zaune da jariri fari a cinya. A gefe mijinta Bature yana zaune a bakin ƙofa, ƙafarsa a kan daɓen dutse, yana murmushi. Tsatso uku a hoto ɗaya, kowanne ya fi na baya haske, kuma kakar ce da kanta aka sa take murna da ɓacewar kamanninta. A 1911 shugaban gidan tarihi na ƙasa, João Batista de Lacerda, ya tafi da kwafin hoton wani taron duniya kan jinsunan mutane a Landan, ya yi hasashen cewa cikin shekara 100 baƙar fata za ta ƙare a Brazil. Ƙidayar 2022 ta nuna akasin haka: waɗanda suka kira kansu baƙaƙe ko ruwa biyu sun haura kashi 55 cikin ɗari.

Meziko ta bi wata hanya dabam bayan juyin juya halin da ya fara a 1910. Sabuwar gwamnati tana neman abin da zai haɗa kan ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, sai ta ɗauko mestizo daga tsakiyar tsani ta mai da shi ainihin ɗan ƙasa. Ana kiran wannan aƙida mestizaje, wato cakuɗuwar jini a matsayin abin alfahari. José Vasconcelos, ministan ilimi daga 1921 zuwa 1924, ya ba masu zane bangayen gine-ginen gwamnati domin su koyar da tarihi ga jama'ar da akasarinsu ba su iya karatu ba. Diego Rivera ya cika matattakalar fadar gwamnati da manoma da mayaƙan Aztek da ma'aikata masu jar fata. A bangon makarantar San Ildefonso, José Clemente Orozco ya zana Cortés a 1926 zaune da Malinche, 'yar ƙasar da ta yi masa tafinta ta kuma haifa masa ɗa. Ya riƙe hannunta, ya tare ta da ɗayan hannun, a ƙarƙashin ƙafarsa kuma gawar wani ɗan ƙasa ce kwance. Wannan shi ne labarin asalin da aka ba 'yan makaranta: uba Basifaniye, uwa 'yar ƙasa.

Babu shakka wannan sauyi ne babba, domin a karon farko talaka mai duhun fata ya hau bangon fada. Amma labarin iyaye biyu ne kawai, ba a bar wa na uku wuri ba. A littafinsa na 1925, La raza cósmica, Vasconcelos ya yabi cakuɗuwa, amma yana sa ran siffofin da ya raina, musamman na baƙar fata, za su ɓace a hankali. In ɗan Afirka ya fito a zanen bango, galibi bawa ne a wani tsohon zamani, ba kakan mutanen yau ba. 'Yan ƙasa ma an fi ɗaukaka waɗanda suka gina dala shekaru aru-aru da suka wuce a kan jikokinsu da ke raye a ƙauyukan Oaxaca da Chiapas. Ko da Gonzalo Aguirre Beltrán ya wallafa bincikensa kan baƙaƙen Meziko a 1946, sai a 2015 hukumar ƙididdiga ta tambayi mutane a faɗin ƙasa ko su zuriyar Afirka ne. Kusan miliyan 1.4 suka ce e. A 2019 aka sa su a tsarin mulki, a ƙidayar 2020 kuma adadin ya kai kimanin miliyan 2.5, da yawansu a gaɓar tekun jihohin Guerrero da Oaxaca da kuma Veracruz, inda akwai gari mai sunan Yanga, jagoran bayin da suka gudu suka yaƙi sojan Sifaniya a 1609.

Akwati ɗaya a Amurka

Da mutanen Latin Amurka suka ƙaura zuwa Amurka, sun tarar da wani tsari dabam, wanda ya saba raba jama'a gida biyu, fari da baƙi. Hukuma ta daɗe tana laluben inda za ta sa su. A ƙidayar 1930 an lissafa "Bameziko" a matsayin jinsi, a 1940 aka cire. A shekarun 1970 ƙungiyoyin 'yan asalin Meziko da Puerto Rico da Kuba suka matsa a ƙirga su tare, domin yawa shi ke jawo kason kuɗi da kujerun siyasa. Majalisa ta yi doka a 1976, kuma daga ƙidayar 1980 aka riƙa tambayar kowa ko shi Hispanic ne, wato mai asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. A 2000 aka ƙara kalmar Latino. Tambayar launin fata tana nan a gefe guda, kuma a 2020 kusan kashi 42 cikin ɗari na Latino ba su ga kansu a zaɓin da aka jera ba, suka zaɓi "wani jinsi dabam". A watan Maris na 2024 gwamnati ta yanke shawarar haɗe tambayoyin biyu wuri ɗaya, matakin da wasu suka yi maraba da shi, wasu ƙungiyoyin baƙaƙen Latino kuma suka nuna fargabar zai ƙara ɓoye su.

Da zarar an sami adadi, sai kasuwa ta buƙaci fuska. Tashoshin talabijin masu harshen Sifaniyanci, irin su Univision da Telemundo, suna son shawo kan kamfanoni cewa miliyoyin nan kasuwa ɗaya ce. Masaniyar al'adu Arlene Dávila ta nuna a littafinta Latinos Inc. na 2001 yadda kamfanonin talla suke zaɓen wanda kamanninsa ba za su tuna wa kowa wata ƙasa takamaimai ba: kada ya yi duhu sosai, kada ya yi kama da ɗan asalin ƙasa sosai. Wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake shigowa da su daga Meziko da Kolombiya, waɗanda ake kira telenovela, sun ƙarfafa wannan. Jaruma da attajiri farare ne, mai aikin gida da direba su ne masu duhu.

Ana kuma mayar da martani da hoto. Tun daga 1976 Judy Baca da ɗaruruwan matasa suka fara zana tarihin talakawan Kaliforniya a bangon wani magudanar ruwa a Los Angeles, tsawonsa ya haura mita 800. A 2018 Yalitza Aparicio, malamar makaranta 'yar asalin ƙasa daga Oaxaca, ta fito jarumar fim ɗin Roma, aka zaɓe ta cikin 'yan takarar Oscar, ta hau bangon mujallar Vogue ta Meziko. Ta sha yabo, ta kuma sha zagi kan kamanninta. A 2021 fim ɗin In the Heights, wanda aka gina a kan wata unguwar New York mai cike da 'yan Dominika, ya sha suka saboda ƙarancin baƙaƙe a manyan jarumansa, har marubucin waƙoƙinsa Lin-Manuel Miranda ya nemi afuwa. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta a 2022 cewa baligai kimanin miliyan 6 a Amurka suna kiran kansu baƙaƙen Latino. A 2024 aka buga hoton mawaƙiyar Kuba Celia Cruz a kan kwabon Amurka.

Abin da za a iya ɗauka

In aka jera zamanan nan uku, za a ga kowanne ya amsa wata buƙata ta masu iko a lokacinsa. Mai mulkin mallaka yana buƙatar matakai domin ya san wanda zai biya haraji da wanda zai ba da umarni. Mai gina ƙasa yana buƙatar ɗan ƙasa guda. Mai talla yana buƙatar mai saye guda. Salon ya sauya daga rarrabewa zuwa haɗewa, amma alƙiblar ba ta sauya ba: haske yana gaba, ɗan asalin ƙasa yana baya a matsayin tarihi, ɗan Afirka kuma ko dai yana can ƙasa ko babu shi sam.

A ganina, sunan Latino yana da amfani na gaske, domin ya ba mutanen da aka daɗe ana dannewa murya ɗaya a gaban hukuma, kuma ba daidai ba ne a ɗauke shi yaudara. Matsalar tana zuwa ne in aka mai da shi kamanni. Wanda ba a zana shi ba yakan jima ba a ƙirga shi ba, wanda ba a ƙirga ba kuma ba ya cikin lissafi ranar rabon makarantu da asibitoci da hanyoyi. Baƙaƙen Meziko sun yi kusan shekara 200 a wannan hali. Shi ya sa jayayya kan wanda zai fito a fim ko a bangon mujalla ba ƙaramin zance ba ce ga waɗanda abin ya shafa. Mai kallo kuma, ko a ina yake, zai iya yi wa kowane hoto na wata al'umma tambayoyi uku da za su buɗe masa shi: wa ya biya aka yi, wa aka sa a tsakiya, wa kuma ke zaune a garin amma ba ya cikin hoton.